Jenny McCarthy

Jenny McCarthy 'yar wasan kwaikwayo ce kuma mai gabatar da shirye-shiryen talabijin a Amurka. An haife ta ranar 1 ga Nuwamba, 1972, a kusa da birnin Chicago. Daga 2007 zuwa gaba ta zama muryar da aka fi ji cikin masu cewa allurar rigakafin yara na jawo lalurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga. Binciken likitoci bai tabbatar da wannan zargi ba.

Tasowarta

Mujallar Playboy ce ta fito da ita a 1993, sannan ta shiga gabatar da shiri a tashar MTV a 1995.

Rashin lafiyar ɗanta

Ta haifi ɗa namiji a 2002. Yana da kimanin shekara biyu ya fara fama da jijjiga, kuma a 2005 likitoci suka ce yana da otizim. A cewarta, yaron ya canza ne bayan an yi masa allurar MMR, mai kariya daga ƙyanda da hangum da ƙyandar Jamus. Ta rubuta littafi kan haka a 2007, ta kuma ba da labarin a shirin Oprah Winfrey, inda miliyoyin iyaye mata suka ji shi daga bakin uwa. Daga baya ta ce yaron ya samu sauƙi bayan ta raba shi da alkama da madara, tare da wasu magungunan da likitoci ba su yarda da ingancinsu ba.

Gwagwarmaya

Wajen 2008 ta zama jagorar ƙungiyar Generation Rescue, mai yaɗa zargin cewa allurai na jawo otizim. A watan Yunin wannan shekarar ita da ɗan wasa Jim Carrey suka jagoranci gangami a birnin Washington, suna kukan cewa allurai sun yi wa jarirai yawa, kuma akwai guba a cikinsu. Gubar da aka fi ambata ita ce wani sinadari mai ɗauke da zaiba, alhali an cire shi daga mafi yawan alluran yara a Amurka tun wajen 2001, allurar MMR kuwa ba ta taɓa ƙunsar sa ba.

Madogarar zargin da ake yi wa allurar MMR wani rahoto ne da likita Andrew Wakefield na Ingila ya buga a mujallar Lancet a 1998, kan yara 12 kacal. Mujallar ta janye shi a Fabrairun 2010, bayan wata uku kuma hukumar kula da likitoci ta Birtaniya ta soke sunan Wakefield daga rajista. Duk da haka McCarthy ta tsaya masa, har ta rubuta wa littafinsa gabatarwa. A 2019 wani bincike a ƙasar Denmark kan yara sama da 650,000 bai ga wata alaƙa tsakanin allurar MMR da otizim ba.

Suka

Da aka ɗauke ta cikin masu gabatar da shirin The View na tashar ABC a 2013, likitocin yara da 'yan jarida sun yi ca a kan tashar. Shekara ɗaya ta yi ta bar shirin. A 2014 ta rubuta a jaridar Chicago Sun-Times cewa ita ba maƙiyiyar rigakafi ba ce, so take a rage wa yara yawan allurai a lokaci guda. Masu sukarta sun ce kalamanta na baya sun saɓa wa hakan.

Daga baya

Ta auri mawaƙi Donnie Wahlberg a 2014, ta ci gaba da aikin talabijin da rediyo.