Idan hannu ya yi ƙaiƙayi bayan an taɓa kirefish

Wata mai sayar da abinci ta zo asibitinmu ranar awo, ta rako ƙanwarta. Da mutane suka ragu sai ta matso kusa da teburina, ta shimfiɗa hannayenta biyu ta ce, "Malama, don Allah duba min wannan abin, ya hana ni sakat." Bayan hannun ya yi kaushi ya yi duhu, tsakanin yatsu ya tsattsage, gefen farce ya kumbura. Ta sha jiƙe-jiƙen maganin sanyi, ta shafa mai har kala uku daga kemis, yakan lafa kwana biyu ya dawo. Na ce, "Hajiya, yaushe ya fi tashi?" Ta ɗan yi tunani ta ce duk ranar da ta tsince kirefish ta daka, kafin ta gama tankaɗe hannun ya ɗau zafi ya yi ruɗu-ruɗu kamar sauro ya yi mata taron dangi. Har ta miƙe za ta tafi, sai ta ƙara da cewa kwanan nan in ta ɗanɗana miyar, leɓenta ma yakan yi ƙaiƙayi.

Wannan magana ta ƙarshe ce ta sa na ce ta dawo ta zauna.

Abin da muke kira kirefish a kasuwa ƙananan jatan lande ne da ake kamawa a bakin teku, wajen Oron da Kalaba, a busar da su da hayaƙi, a ɗuro su a buhu zuwa Sabon Gari ta Kano da kasuwannin Kaduna, Jos da Abuja. A da abincin mutanen kudu ne, yanzu kuwa ya shiga tukunyar kowa. Mu kanmu ma'aikatan lafiya muna gaya wa iyaye mata su sa garinsa a kunun yara, saboda yana gina jiki kuma kaɗan ya isa. Har gobe ina ba da wannan shawara, domin yawancin mutane suna ci lafiya lau. Amma akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓarsa, kuma sau da yawa hannu ne ke fara faɗa, musamman ga mai sayar da shi a mudu, da mai injin niƙa, da mai tuwo-tuwo, da 'yan'uwanmu masu aiki a kasuwannin kifi na Legas, Fatakwal, Akara da Duwala, inda ake ɓare ɗanyen jatan lande da ƙaguwa da hannu tun safe.

Ba kowane ƙaiƙayin hannu ba ne borin jini. Wanda ya fi yawa shi ne na cin ruwa. Hannun da ya wuni cikin ruwa da gishiri da omo da attaruhu, maiƙon da ke kare fatarsa yana wankewa, sai fatar ta bushe, ta yi zafi, ta tsage, abin ya ƙara tsanani da hunturu. Wannan a hankali yake zuwa, kuma raɗaɗi ya fi yawa a cikinsa. Ƙafafun kirefish da gashin bakinsa ma suna da tsini, suna sossoke fata. Mai irin wannan matsala zai iya cin kirefish ba abin da zai same shi, in hannun ya huta ya sha mai zai warke.

Na borin jini daban yake, kuma a nan nake so a tsaya a fahimta. A cikin naman jatan lande da ƙaguwa akwai wani furotin da ake kira tiropomayosin. Garkuwar jikin wasu mutane takan ɗauke shi a matsayin abokin gaba, da zarar ya shiga sai ta saki sinadarin histamin, shi ne ke kawo ƙaiƙayi da kumburi. Alamarsa sauri: cikin 'yan mintuna, da wuya ya wuce awa ɗaya, wurin da ya taɓa zai tashi ya yi tudu-tudu, bayan wasu awanni ya kwanta kamar ba a yi ba. Littattafan da muka karanta a makaranta suna cewa fata za ta yi ja, amma a baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, sai dai wurin ya ƙara duhu ko ya yi sheƙi, in ka shafa ka ji ya tasa. In mutum ya shafi ido da wannan hannun, fatar idon ta kumbura.

Matsalolin nan biyu suna jan juna. Lafiyayyar fata katanga ce, furotin ba ya ratsa ta da sauƙi, amma in ta tsage ƙofa ta buɗe. Kullum furotin yana shiga ta tsagar, har garkuwar jiki ta gane shi ta riƙe shi. Shi ya sa za ka ga mace ta yi shekara goma tana sana'arta lafiya, sai rana tsaka abin ya fara, ta ce ai ba zai yiwu kirefish ba ne tunda ba yau ta fara taɓa shi ba. Likitocin fata a ƙasar Denmak sun bayyana irin wannan ciwo tun 1976 a hannun masu aikin haɗa abinci: ƙaiƙayi nan take in an taɓa, sannan kirci mai naci da ba ya barin yatsu. Hannun Hajiya irinsa ne. Borin jinin jatan lande yakan fara ne ko da mutum ya girma, kuma in ya kama, galibi ba ya saki.

Akwai na uku, shi ba ruwansa da borin jini, ƙwayar cuta ce. In ƙayar kifi ko ɓawon ƙaguwa ya soki yatsa, bayan kwana biyu zuwa mako guda wurin ya kumbura, ya yi zafi da zogi, duhun yana faɗaɗa a hankali, wannan maganin kashe ƙwayoyin cuta yake buƙata daga asibiti. Wanda ke aiki da kayan ruwan teku kuma yana da ciwon hanta ko ciwon suga, in rauninsa ya kumbura da sauri, ya yi ƙulli mai ruwa, ga zazzaɓi, kada ya kwana a gida. Akwai wata ƙwayar cuta a ruwan gishiri mai ɗumi, dangin mai kawo kwalara, da ke cin nama cikin kwana ɗaya ko biyu.

Tambayar da kowa ke yi ita ce, tunda hannuna yana yi, in na ci fa? Wasu a hannu kawai abin ke tsayawa. Wasu kuwa yana kaiwa ga ciki, kuma ba a gane wanda zai tsananta ta kallon hannu. Abin da nake roƙo shi ne kada a gwada a gida. Na sha jin ana cewa a dinga ci kaɗan-kaɗan jiki zai saba, ko a soya shi sosai dafin zai mutu. Wuta ba ta lalata wannan furotin, busasshe da dafaffe da soyayye duk yana nan. Ƙurar da ke tashi wajen niƙa da tururin tukunya ma suna sa wasu atishawa da tari, har su tayar wa mai asma da ciwonsa. Kuma don na jiya ya zo da sauƙi, ba shi ke nuna na gobe zai zo da sauƙi ba. Duk wanda hannunsa ke tashi nan take in ya taɓa, balle wanda ya fara jin ƙaiƙayi a leɓe ko maƙogwaro, ya dakata da ci har likita ya gan shi. Manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya suna da sashen fata. Kafin a je, a riƙe lissafin abin da aka taɓa, da mintunan da suka wuce kafin ya tashi, da lokacin da ya kwanta, a ɗauki hoton hannun da waya yana kan tashi, domin sau da yawa kafin a kai ga likita ya baje.

Alamomin da ba a jira da su kuwa: kumburin leɓe, harshe ko fuska, murya ta dishe, haɗiyar yawu ta gagara, numfashi yana fita da ƙara, ruɗu-ruɗu ya bazu a jiki, amai da murɗar ciki, jiri ko suma jim kaɗan bayan cin abinci. Wannan yana iya kashe mutum cikin ƙasa da awa guda. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ne ya fi damunsa a bar shi a zaune, mai ciki a kwantar da ita ta gefen hagu, kada a tsayar da shi ko a sa shi tafiya da ƙafa, a nemi abin hawa zuwa asibiti mafi kusa. Kada a ɗura masa manja ko madara, maƙogwaron da ya kumbura shaƙewa zai yi. Piriton yana rage ƙaiƙayi, amma ba ya buɗe maƙogwaro, ba ya ɗaga jinin da ya faɗi. Maganin shi ne allurar adiranalin a gefen cinya. 'Yan'uwana ma'aikata, mu duba akwatin gaggawarmu yau, mu tabbata tana ciki kuma ba ta lalace ba: babba rabin mil na mai ƙarfin 1 cikin 1000 a tsokar cinya, a maimaita bayan minti 5 in bai samu sauƙi ba. Ko ya warware kada a sallame shi nan take, abin yana iya dawowa bayan wasu awanni.

Wani abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne fara. Irin wannan furotin yana jikin fara, da kyankyaso, da ƙananan ƙwarin da ke rayuwa cikin ƙurar katifa. Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai, da ta duba fara a matsayin abinci a 2021, ta yi gargaɗin cewa mai borin jinin jatan lande zai iya samun matsala in ya ci. Mu da muke cin soyayyar fara da yaji daga Maiduguri har Maraɗi, ya kamata mu san wannan. Wanda fara ke sa wa kumburi ya yi hattara da kirefish, haka wanda kirefish ke sa wa ya yi hattara da fara. Kifi kuwa nasa furotin daban ne, da yawa masu wannan matsala suna cin tarwaɗa da karfasa lafiya, sai dai a kula da busasshen kifin da aka zuba a faranti ɗaya da kirefish. Kirefish yana kuma ɓuya inda ba a zato: dunƙulen ɗanɗano mai ƙamshin kirefish, garin kunun yara, miyar agushi da alalar gidan biki, shito, wato miyar yajin da ake zubawa a kan wake da shinkafa a zangunan Gana, da injin unguwa da aka niƙa wa wata kirefish kafin a zuba naki. Tambayar mai abinci me ta sa a miya ba rashin kunya ba ne.

Hajiya ba za ta iya barin sana'arta ba, da ita take ciyar da 'ya'ya, don haka muka tsara abin da zai yiwu. Tsince kirefish da dakansa ya koma hannun yarinyar da ke taya ta aiki, a waje inda iska ke kaɗawa, ɗanɗana miya ma haka. In dole ta taɓa, ta sa safar hannu ta naitiril, shuɗiyar nan, domin farar ta roba ita ma tana sa wa wasu ƙaiƙayi, kuma ta cire da zarar gumi ya taru a ciki. Wanke hannu da sabulu marar ƙarfi, a tsane shi da kyau har tsakanin yatsu, a shafa Vaseline ko man kaɗanya, da dare a shafa da yawa. Mayukan kemis masu haɗin magani uku na ce ta ajiye, domin akwai sitiroyid mai ƙarfi a cikinsu, yana kwantar da ƙaiƙayi amma in an daɗe ana shafawa yana sa fata ta yi siriri ta riƙa tsagewa. Na rubuta mata takardar zuwa ganin likitan fata, na kuma sa ta maimaita min alamomin haɗari da bakinta, ta yi alkawarin gaya wa maigidanta da babbar 'yarta.

Ga masu yaye kuma, kada wannan bayani ya sa ku cire kirefish daga kunun yaron da ke sha lafiya. Wanda za a fara ba shi, bayan ya cika wata 6, a fara da ɗan kaɗan da safe, ranar da ba a haɗa masa da wani sabon abinci ba, a sa masa ido na awa biyu. In aka ga ruɗu-ruɗu a kewayen baki, ko kumburin ido, ko amai nan take, a dakata a kawo shi mu gani. Yaron da ke da kirci mai tsanani tun yana jariri, a kawo shi tukuna kafin a fara.