Kasafin kuɗi mai la'akari da yara da sauyin yanayi

Kasafin kuɗi mai la'akari da yara da sauyin yanayi hanya ce ta tsara kuɗin gwamnati da kashe su, inda ake bin kowane kaso da aka ware da tambaya biyu: me zai tsinana wa waɗanda ba su kai shekara 18 ba, kuma shin aikin da za a yi da shi zai jure ambaliya, fari da tsananin zafi? Ba wani asusu ne na daban da ake buɗe wa yara ba. Kasafin da aka saba ne, na ilimi da lafiya da ruwa da noma da ayyuka, ake sake wa duba. Hanyar ta fito ne daga reshe biyu da kowanne ya taso da kansa, wato kasafin yara da kasafin yanayi, kuma ba su haɗu sosai ba sai bayan shekarar 2020.

Asalin kasafin yara

Maganar ta fara ƙarfi ne a shekarun 1980, lokacin da ƙasashen Afirka da na Latin Amurka da dama suka shiga shirin tsuke bakin aljihu bisa sharuɗɗan Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya. A Najeriya shirin ya zo a 1986 zamanin Janar Ibrahim Babangida, da sunan da har yau ba a manta ba, wato SAP. Inda aka fi saurin datse kuɗi shi ne asibiti da makaranta, domin waɗanda abin zai fi shafa ba su jefa ƙuri'a, ba su kuma yajin aiki. A 1987 Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya fitar da nazarin da ya nuna yadda tsukewar ta taɓa abincin yara da karatunsu, ya nemi a riƙa kare waɗannan fannoni duk lokacin da za a rage kashe kuɗi.

Ranar 20 ga Nuwamba 1989 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da Yarjejeniyar Haƙƙin Yara, ta fara aiki a Satumban 1990. Ghana ce ƙasar farko da ta tabbatar da ita, Nijar ta bi a 1990, Najeriya a 1991. Sashe na 4 na yarjejeniyar shi ne tushen duk wannan batu, domin ya ɗora wa gwamnatoci cika haƙƙoƙin tattalin arziki da zamantakewa na yara iyakar abin da dukiyarsu za ta iya ɗauka. Sai dai bai faɗi nawa ba, bai kuma faɗi yadda za a auna ba. A 1990 ɗin ne kuma Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta amince da nata kundin na haƙƙi da walwalar yaro, wanda bai fara aiki ba sai 1999.

Bayan nan aka shiga zamanin sanya kaso. A taron duniya kan ci gaban zamantakewa da aka yi a birnin Kofanhegan na Denmark a 1995 an kawo shawarar ƙasashe masu tasowa su ware kashi 20 cikin ɗari na kasafinsu ga muhimman ayyukan jin daɗin jama'a, masu ba da tallafi su ma su ware kashi 20 na tallafinsu. A Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka yi alƙawari a Abuja cewa kashi 15 na kasafi zai tafi ga lafiya. A 2015, a birnin Incheon na Koriya ta Kudu, aka tsayar da kashi 15 zuwa 20 na kuɗin da gwamnati ke kashewa ga ilimi. (Kashi 26 ga ilimi da ake yawan jingina wa hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, a jaridun Najeriya da taron ƙungiyoyin malamai ba shi ne ma'aunin da aka tsayar a can ba.)

Aikin zama a tsefe kasafi layi-layi don gano rabon yara kuwa ƙungiyoyin farar hula ne suka fara shi, sun kuma ɗauko dabarar ne daga kasafin mata da Ostareliya ta fara a 1984. Cibiyar IDASA ta Afirka ta Kudu ta soma nata wajen tsakiyar shekarun 1990, jim kaɗan bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata. A Indiya ƙungiyar HAQ ta yi irinsa a farkon shekarun 2000, har gwamnatin ƙasar ta karɓi abin, ta fara haɗa bayani na musamman kan kuɗin yara cikin takardun kasafinta tun daga na 2008–09. Bangaladash ta bi sahu wajen 2015. A 2016 Kwamitin Haƙƙin Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da Sharhi na 19, wanda ya fayyace abin da sashe na 4 ke nufi a matakai huɗu na kasafi: tsarawa, amincewar majalisa, aiwatarwa da bin diddigi.

Kasafin yanayi

Wannan reshen ya fi ƙuruciya. Ƙasashe masu ba da tallafi sun fara yi wa kuɗinsu alamar muhalli tun wajen 1998, amma sanya irin wannan alama cikin kasafin ƙasa ya fara ne a Asiya. Nepal ta yi bitar kuɗin da take kashewa kan yanayi a 2011, sannan ta ƙirƙiro lambar da ake liƙa wa kowane aiki don a san ko ya shafi yanayi kai tsaye, ko a kaikaice, ko bai shafa ba. Filifin da Indunusiya da Bangaladash suka biyo baya, a Afirka kuma Kenya da Ghana na cikin na farko-farko.

Haɗuwar rassan biyu

A Agustan 2021 UNICEF ta fitar da ma'aunin haɗarin da sauyin yanayi ke jefa yara, wanda ya duba ƙasashe 163. Ya nuna yara kusan biliyan ɗaya na zaune a ƙasashe 33 da haɗarin ya fi tsanani, alhali waɗannan ƙasashe gaba ɗaya kashi 9 cikin ɗari kawai suke fitarwa na hayaƙin da ke ɗumama duniya. Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ce ta ɗaya, Najeriya da Chadi suka yi kunnen doki a matsayi na biyu, Nijar ta zo ta bakwai. Abin lura a ma'aunin shi ne bai tsaya ga zafi da ruwan sama ba, ya haɗa da raunin asibiti da makaranta da ruwan sha. Wannan ne ya mayar da batun na ma'aikatar kuɗi, ba na ma'aikatar muhalli kaɗai ba.

A 2023 wani nazari da UNICEF da Save the Children da Plan International suka haɗu a kai ya gano cewa kashi 2.4 cikin ɗari ne kawai na kuɗin manyan asusun yanayi na duniya, tun daga 2006, ya tafi ga ayyukan da suka kula da buƙatun yara. A shekarar ne kuma Kwamitin Haƙƙin Yara ya fitar da Sharhi na 26 kan yara da muhalli. Taron yanayi na COP28 da aka yi a Dubai ya nemi a yi zama na musamman kan yara, aka yi shi a birnin Bonn na Jamus a Yunin 2024.

Dalilin ware yara a nan na jiki ne. Ƙaramin yaro ya fi babba saurin rasa ruwan jiki idan zafi ko gudawa suka kama shi, kuma tamowar da ta same shi a kwana dubu na farkon rayuwarsa tana iya barin tsumburewar da ba ta gyaruwa.

Yadda ake yi

Ana farawa ne daga takardar da ofishin kasafi ke aika wa ma'aikatu duk shekara yana neman ƙiyasinsu. Idan takardar ta ce kowace ma'aikata ta nuna wanda aikinta zai amfana da kuma haɗarin yanayi da ke tattare da shi, to an kafa tubali. Idan ba ta ce ba, sauran duk jawabi ne. Daga nan sai liƙa alama ga layukan kasafi, sai fitar da bayani tare da kasafin, sai kwatanta abin da aka ware da abin da aka saki.

Misalin ginin makaranta ya isa ya nuna bambancin. A kundin kasafin jiha layin yakan ce a gina rukunin azuzuwa uku a gari kaza kan kuɗi kaza, kuma ƙiyasin iri ɗaya ne ko garin na kan tudu ko yana cikin fadamar Haɗejiya. Wanda ya yi la'akari da yanayi zai ƙara kuɗin ɗaga harsashi sama da inda ruwa ke kaiwa, da ɗaure kwano yadda iskar farkon damina ba za ta yaye shi ba, da silin da tagogi masu fuskantar juna saboda zafin Afrilu, da masai wanda ambaliya ba za ta kwashe abin da ke ciki ta zuba a rijiyar burtsatse ba. Kuɗin zai hau, adadin azuzuwan da za a sanar a jawabin kasafi kuma zai sauka, abin da ba kowane kwamishina ke so ba.

Lokaci ma kuɗi ne a wannan fanni. Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bai wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 duk wata a damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa ga yankin Sahel a 2012, dole ya isa ƙauye kafin ruwa ya kankama. Haka abincin maganin tamowa, ana buƙatarsa ne tsakanin Yuni da Agusta sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba. Kuɗin da aka saki a Nuwamba ya shiga lissafin shekara, amma bai yi aikin da aka ware shi dominsa ba.

Najeriya

Ƙasar ta yi Dokar Haƙƙin Yara a 2003, sai dai tana aiki ne a jiha bayan majalisar jihar ta amince da ita. Jihohin arewa da yawa sun daɗe ba su yi hakan ba saboda saɓani kan wasu sassa, musamman shekarun aure. Kaduna ta yi tata a 2018, Kano a 2023.

Akwai kaso biyu da doka ta killace waɗanda suka shafi yara kai tsaye. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na asusun kuɗin shigar tarayya ga hukumar ilimin bai ɗaya ta ƙasa, UBEC, amma jiha ba ta karɓar rabonta na gine-gine sai ta ajiye kwatankwacinsa, shi ya sa biliyoyin naira kan yi shekaru a ajiye ba a ɗauka ba. Dokar lafiya ta 2014 kuma ta ware aƙalla kashi 1 ga kiwon lafiya a matakin farko, ba a sanya shi a kasafi ba sai 2018. Alƙawarin Abuja na kashi 15 kuwa gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Rabon lafiya ya fi yawan tsayawa tsakanin kashi 4 zuwa 6.

Ta ɓangaren muhalli, mafi tsufa shi ne asusun magance matsalolin muhalli da aka kafa a 1981, wanda ake raba wa tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi. An sha ƙorafi a majalisa cewa ana karkatar da shi ga wasu hidimomi. Hukumar agajin gaggawa ta NEMA ta zo a 1999, hukumar shingen itatuwa na yaƙi da hamada a 2015, tana aiki a jihohi 11 daga Kebbi zuwa Borno. A Disambar 2017 Najeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta sayar da takardun lamuni na muhalli, na naira biliyan 10.69. A Nuwamban 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan Dokar Sauyin Yanayi, wadda ta kafa majalisar ƙasa kan batun, ta kuma nemi a tantance ƙiyasin ma'aikatu ta fuskar yanayi kafin ya shiga kasafi.

Ambaliya ce ta fi fito da giɓin fili. Ta 2012 ta kashe mutum 363 ta raba sama da miliyan biyu da gidajensu. Ta 2022, wadda ta yi wa Jigawa da Kogi da Anambra da Bayelsa mummunar ɓarna, ta kashe fiye da 600, UNICEF ta ce yara sama da miliyan ɗaya da rabi sun shiga haɗarin cuta da nutsewa da yunwa. A Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangaren Maiduguri, shekara 30 bayan irin haka ta faru a 1994. A duk waɗannan lokuta makarantu ne mafakar farko da ake kai waɗanda suka rasa muhalli, don haka har yaron da ruwa bai shiga gidansu ba yakan rasa makonnin karatu. Hukumar hasashen yanayi, NiMet, da ta kula da yanayin ruwa, NIHSA, suna fitar da hasashen damina da na ambaliya a watannin farko na shekara, amma a lokacin an riga an gabatar da kasafi, galibi ma an sa masa hannu. Abin da ya rage shi ne ƙwarya-ƙwaryan kasafi ko asusun ko-ta-kwana, su kuma sun fi zuwa bayan ruwa ya ci gari.

Rabon iko ma ya ƙara wa lamarin wuya. Tarayya na ɗaukar kashi 52.68 na asusun tarayya, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60, alhali firamare da asibitin sha-ka-tafi suna hannun jihohi da ƙananan hukumomi ne. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa.

Nijar

Kusan rabin al'ummar ƙasar ba su kai shekara 15 ba. Ta koma tsarin kasafi bisa shirye-shirye wajen 2018, bin ƙa'idojin ƙungiyar tattalin arziki da kuɗi ta Afirka ta Yamma, UEMOA, wanda ke sauƙaƙa gano abin da kowane shiri ya ci. A 2024 ambaliya ta sa gwamnati ta ɗage komawa makaranta daga farkon Oktoba zuwa ƙarshen watan, saboda azuzuwa da yawa sun rushe, wasu kuma mutane na zaune a ciki.

Suka

Masu suka na cewa liƙa alama ba ya ƙara ko kwabo, tsohon aiki ne ake sauya wa suna don jawo tallafin waje. Akwai kuma gardama kan yadda za a lissafa rabon yara a aikin da kowa ke amfana da shi, kamar hanya ko madatsar ruwa, ga kuma yiwuwar ƙirga kuɗi ɗaya sau biyu, a shafin yara da na yanayi. Wasu masana tattalin arziki ba sa son killace kaso da doka, domin yana ɗaure hannun gwamnati a shekarar da bashi ya cinye mafi yawan kuɗin shiga. Masu goyon baya suna amsawa da cewa kafin alamar babu ma adadin da za a yi gardama a kansa.