Gwajin Magungunan Itatuwa a Jinin Ɓerayen Ɗakin Bincike

Gwajin magungunan itatuwa a jinin dabbobi reshe ne na binciken magunguna, inda ake ɗura wa ɓera tsimin ganye, sassaƙe ko saiwa na wasu kwanaki, sannan a ɗebi jininsa a ga abin da ya canja. A Gana ana wannan aiki a sashen harhaɗa magunguna na jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah (KNUST) da ke Kumasi, wadda ta buɗe digirin maganin itatuwa a 2001, da cibiyar binciken lafiya ta Noguchi a Legon da aka buɗe a 1979, da cibiyar binciken maganin itatuwa ta Mampong-Akuapem da Dakta Oku Ampofo ya assasa, gwamnati ta ba ta matsayin doka a 1975.

Yawancin tsirran da ake gwadawa ba baƙi ba ne ga mutanen zango. Wanda ya ratsa unguwannin Aboabo ko Asawase a Kumasi ya ga masu magani da ƙunshin sassaƙen maɗaci, da garin zogale, da jan karan dafi da ake jiƙa wa mai jego don ƙarin jini. Asante kuma suna da nasu: abeduru, 'yan ƙananan gauta da ake zubawa a miya, da nibima, saiwa mai ɗaci ta zazzaɓin cizon sauro.

Ana shanya tsiron a inuwa, a daka, a jiƙa a ruwa ko a itanol (wani nau'in barasa), a tace, a ƙafar da ruwan sai tsantsar ta rage. Ɓerayen farare ne masu jan ido, irin Wistar ko Sprague-Dawley, nauyinsu kamar giram 150 zuwa 250. Ana raba su rukuni-rukuni, kowane da nasa awon tsimi gwargwadon nauyin jiki, a bar rukuni ɗaya yana shan ruwa zalla don kwatantawa. Ƙa'idojin OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasa da ƙasa, sun tanadi gwajin kwana 28 da na kwana 90. Ranar ƙarshe a sa wa dabbar maganin barci, a zuba jininta a 'yar kwalba mai murfi ruwan shuni, wadda sinadarin EDTA da ke ciki ke hana shi daskarewa. Na'ura ce ke ƙirga jajayen ƙwayoyi, da farare, da masu tsayar da zubar jini, ta kuma auna himogulobin, sinadarin da ke sa jini ja.

Idan ana son a gwada maganin ƙarin jini, sai a fara rage wa ɓeran jini da gangan. Allurar fenilhaidirazin ce aka fi yi, domin tana farfasa jajayen ƙwayoyi cikin 'yan kwanaki. A nan ne gizo ke saƙa. Ɓera lafiyayye ko ba a ba shi komai ba, ɓargonsa da saifarsa na mayar da abin da ya rasa cikin 'yan makonni. Saboda haka cewa jini ya hau bayan an ba da tsimi ba hujja ba ce, sai in ya riga na rukunin ruwa zalla hawa. Ɓeran da ɗacin magani ya hana shi shan ruwa ma jininsa na kauri, alkaluma su tashi, alhali ƙishirwa ce kawai. An sha ba da rahoton cewa karan dafi na gaggauta farfaɗowar jini a irin wannan gwaji, amma ƙarancin jinin mace mai ciki galibi daga rashin sinadarin ƙarfe ne ko maleriya, ba daga allurar guba ba.

A gaskiya gwajin ya fi amfani wajen tona illa. Safonin, sinadarin da ke sa wasu ganyaye kumfa, yana fasa jajayen ƙwayoyi idan ya haɗu da su kai tsaye. Tanin, mai sa bauri a baki, yana riƙe ƙarfen abinci a hanji, kuma sassaƙe cike yake da shi, abin da mai shan maɗaci don ƙarin jini bai cika sani ba. Raguwar fararen ƙwayoyi da masu tsayar da jini a lokaci guda alama ce an taɓa ɓargo. Shi ya sa ake haɗa sakamakon da awon hanta da ƙoda kafin a ce uffan.

Mayar da sakamako kan ɗan Adam na buƙatar lissafi. Jan ƙwayar jinin ɓera na rayuwa kamar kwana 60, ta mutum kwana 120, kuma awon maganin kowane kilo na nauyin ɓera ana raba shi kusan gida shida kafin a kimanta na mutum. Hukumar abinci da magunguna ta Gana na neman shaidar gwajin guba kafin ta yi wa maganin itatuwa rajista. Tsimin da ake ɗurawa a gorar ruwa a bakin kasuwar Kejetia kuwa sau da yawa haɗin saiwoyi ne barkatai, gwajin ɗakin bincike kuma galibi tsiro ɗaya yake ɗauka.