Triple Triad: me ya sa ƙaramin wasan katin nan ke ƙona wa mutane rai?

Mene ne Triple Triad, kuma daga ina ya fito?

Wasan kati ne da ya fara fitowa a cikin wasan bidiyo na Final Fantasy VIII a 1999. A 2015 kamfanin Square Enix ya shigar da shi cikin Final Fantasy XIV, wasan intanet da dubban mutane ke bugawa tare, lokacin da aka buɗe filin nishaɗin Gold Saucer a cikin wasan. Allon gidaje 9 ne, uku-uku. Kowa na riƙe da kati 5, kowane kati da lambobi 4, ɗaya a kowane gefe, daga 1 zuwa 9, sai A wadda ke nufin 10. In ka ajiye katinka kusa da na abokin karawa, kuma lambarka ta gefen da suka haɗu ta fi tasa, ka cinye katin, wato ya juya zuwa launinka.

To ai da sauƙi. Ina abin ɓacin ran?

A ƙarin dokoki yake, musamman wadda ake kira Plus. Ka ɗauka ka toshe ko'ina, kati 6 duk launinka, saura gida ɗaya. Sai kwamfuta ta ajiye wani kati marar ƙarfi: 2 ɗinta ta gamu da 8 ɗinka a sama, 4 ɗinta ta gamu da 6 ɗinka a hagu. Goma nan, goma can: jimla ta zo ɗaya a gefuna biyu, dokar Plus ke nan. Duka biyun sun juya. Bai tsaya nan ba, domin katunan da suka juya su ma sai su shiga cinye maƙwabtansu masu ƙananan lambobi. Kafin ka ƙifta ido allon ya canza launi. Wanda bai san dokar ba zai rantse an cuce shi.

Kwamfutar tana maguɗi ne?

A'a, lissafi take yi, kuma ba ta gajiya da shi. Sai dai akwai rashin daidaito na gaske: a Final Fantasy XIV ɗan wasa ba zai saka katin taurari 5, wato mafi girman daraja, fiye da ɗaya a hannunsa ba, alhali wasu abokan karawa na kwamfuta ba a ɗaure su haka ba. Wannan ƙorafin yana da tushe.

Wace doka ce ta fi ban haushi?

Ni a wurina Chaos ce, inda wasan ke zaɓar maka katin da za ka ajiye. Swap na biye mata: a musanya kati ɗaya naka da ɗaya na abokin karawa a wannan karawar, kuma wanda aka ɗauke maka yana iya zama mafi ƙarfin da kake da shi. Plus tana hukunta wanda bai ƙirga ba, ana iya koyonta. Waɗannan biyun kuwa ƙwace maka dabarar suke yi.

Na ci wasan, me ya sa ban samu katin ba?

Nan ne ainihin ciwon. Nasara ba ta tabbatar da kyautar katin da ake samu daga abokin karawa na kwamfuta. Sa'a ce ke yanke ko katin zai faɗo. Mutum zai doke abokin karawa ɗaya sau da yawa a jere, hannu wayam, yana kallon fuska ɗaya da kiɗa ɗaya. Ga mai son tara katunan duka, wannan ba gwajin basira ba ne, gwajin haƙuri ne, kuma ina ganin masu ƙorafi sun yi gaskiya. Sauƙin kawai shi ne ba a ƙwace maka katinka in ka faɗi, saɓanin yadda ake yi a Final Fantasy VIII.

Akwai abin da zai rage wahalar?

Akwai. Karanta dokokin kafin ka karɓi karawa, domin dokokin yankin da kake ciki a wasan suna sauyawa kullum. In ba su yi maka ba, dawo gobe. Ajiye hannu na daban saboda Reverse, inda ƙaramar lamba ke cin babba. Nemi katunan taurari 3 masu manyan lambobi a gefuna biyu da ke jere, ka kafa su a kusurwa yadda raunin zai fuskanci bango. Kafin ka ajiye kowane kati kuma, dubi gidan da za ka bari a buɗe, ka haɗa lambobin da ke kewaye da shi da na katunan da kake tsammanin suna hannun abokin karawa.