Waiwaye: Yadda keken da aka haramta a 1934 ya kai gudun kilomita 144 a awa

A ranar 17 ga Satumban 2016 wani injiniya ɗan Kanada, Todd Reichert, ya ratsa tazarar mita 200 cikin daƙiƙa 5 a kan hanya mai lamba 305, kusa da garin Battle Mountain a jihar Nevada ta Amurka. Da aka buga lissafi, gudun ya kama kilomita 144.17 a awa. Babu inji a jikin keken, babu kuma mota a gabansa da ke kare masa iska. Keken, mai suna Eta, rufe yake ruf cikin ƙwanso, matuƙin na kwance a ciki rigingine yana taka feda. Ƙafafun 'yan tsere ba su ƙara wani ƙarfin a-zo-a-gani ba cikin shekaru ɗarin da suka wuce. Abin da ya sauya shi ne yadda ake bi da iska.

Lissafin ba shi da wuya. Idan gudu ya ninka sau biyu, turjiyar iska takan ninka sau huɗu, ƙarfin da ake bukata don keta ta kuma ya ninka sau takwas. Masu ƙira suna haɗa faɗin gaban abin hawa da santsin siffarsa su fitar da adadi guda da ke nuna yawan turjiyar iskar da abin hawan zai fuskanta. Ɗan tsere da ya sunkuya a kan keken tsere na yau da kullum yakan ba da kusan murabba'in mita 0.3, keke mai ƙwanso mai kyau kuwa 0.02 ko ƙasa da haka. A gudun kilomita 144 a awa, wato mita 40 a daƙiƙa, na farkon zai bukaci wat (ma'aunin ƙarfin aiki) 9,600 ko fiye don ture iska kaɗai, abin da babu ɗan Adam da zai iya. Na biyun wat 640 ya ishe shi, kuma idan aka rage adadin da rabi, bukatar ma ta ragu da rabi.

Faransawa sun gane haka tun da wuri. A 1913 Étienne Bunau-Varilla ya ƙera wani rufi da ake kifawa a kan keke, shahararren ɗan tsere Marcel Berthet ya shiga ciki ya riƙa yin gudun da ya fi na takwarorinsa nesa. A 1914 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta hana irin wannan rufi a gasanninta. Shekaru kusan 20 bayan haka sai Charles Mochet ya fito da keken da ake tuƙawa a kishingiɗe, ƙafafu a gaba, wanda ke rage faɗin jikin da iska ke duka. Ranar 7 ga Yulin 1933, a birnin Paris, Francis Faure ya hau shi ya yi kilomita 45.055 a awa ɗaya, ya shafe tarihin kilomita 44.247 da Oscar Egg ya kafa tun 1914. Faure ba ya cikin gwanayen sahun farko, kuma wannan ne ya tayar da ƙura. A 1934 hukumar ta sake fayyace abin da ake kira keke, ta ƙayyade inda sirdi da feda za su zauna, ta yadda keken Mochet ya faɗa waje. Kambun ya koma hannun Maurice Richard, wanda ya yi kilomita 44.777 a kan keke na gargajiya.

Hukumar tana da hujjarta: so take a gwada mutum da mutum, kada gasa ta koma ta maƙera. Sai dai hukuncin ya raba harkar keke gida biyu, kuma ɓangaren masu ƙira ya yi kwanan shekaru 40. Kafin yaƙin duniya na biyu Faure ya haura kilomita 50 a awa cikin keken Mochet da aka yi wa rufi, amma ba a rubuta shi a kundin kowa ba.

Farfaɗowar ta zo daga Kalifoniya. Chester Kyle, malamin injiniyanci a jami'ar jiha da ke Long Beach, shi da Jack Lambie suka shirya gasar farko ta gudun ababen hawa masu amfani da ƙarfin mutum a 1975, aka kafa ƙungiyar duniya ta irin waɗannan ababen hawa, IHPVA, a 1976. Ƙa'idarta a taƙaice ita ce kowace irin siffa ta halatta, muddin ƙarfin daga jikin matuƙi yake fitowa kuma ba a tara shi tun kafin tashi ba. A 1980 keken Vector mai taya uku, mai ɗaukar mutum biyu, ya haura kilomita 100 a awa. Kamfanin DuPont ya sa kyautar da ta kai dala 18,000 ga mutum guda da zai fara kai mil 65 a awa, kuma a watan Mayun 1986 Fred Markham ya ɗauke ta da keken Gold Rush na Gardner Martin, inda ya yi kilomita 105.4. Gold Rush mai taya biyu ne, kuma daga nan hankalin masu neman gudu ya karkata ga taya biyu, domin ƙwanson ya fi zama siriri. A 1992 Chris Huber ya kai kilomita 110.6 da keken Cheetah a jihar Colorado.

Tun daga shekarar 2000 kusan duk wani sabon tarihi a Battle Mountain ake kafa shi, a gasar da ake yi cikin watan Satumba. Wurin yana da tudun mita 1,400 daga saman teku, inda iskar ta fi ta bakin teku sauƙi da kusan kashi 15 cikin 100, turjiyarta kuma ta ragu daidai da haka. Hanyar miƙaƙƙiya ce, ana rufe ta na ɗan lokaci safe da yamma. Matuƙi yana da kilomita 8 na ɗaukar gudu kafin mita 200 da ake aunawa. Ba a karɓar sakamako idan kaɗawar iska ta wuce kilomita 6 a awa, kuma gangarar hanya ba za ta wuce kashi biyu bisa uku na kashi 1 cikin 100 ba. Hanya ta 305 tana dab da wannan iyaka, abin da bai kamata a ɓoye ba. Idan keke da matuƙi sun kai kilo 100, gangarar kashi 0.6 cikin 100 tana ba su kyautar kusan wat 235 a gudun mita 40 a daƙiƙa. Halal ce a ƙa'ida, amma ita ce dalilin da ba a kwatanta alƙaluman Nevada kai tsaye da na fili shimfiɗaɗɗe.

Sam Whittingham, shi ma ɗan Kanada, ya mamaye gasar tsawon shekaru da kekunan Varna na George Georgiev, mai sassaƙa ɗan asalin Bulgeriya: kilomita 130.36 a 2002, sannan 133.28 a 2009. Ɗaliban jami'o'in Delft da Amsterdam na ƙasar Holan suka karɓe a 2013, lokacin da Sebastiaan Bowier ya yi 133.78 da VeloX3. Ratar rabin kilomita ce kawai. Sai Eta ya zo ya yi 139.45 a 2015, ya ƙara a shekara mai bi.

Sirrin wannan tsalle yana cikin siririn shimfiɗin iskar da ke manne da fatar ƙwanso. Muddin yana gudana a natse, gogayyarsa kaɗan ce. Da zarar ya hargitse, sai ta ninka. Don haka ake jan wuri mafi kauri na ƙwanson zuwa baya, domin iskar ta daɗe a natse, a kuma siranta wutsiya a hankali don kada ta ɓalle ta bar guguwa a baya. Ƙaramin abu kan ɓata wannan aiki: tabon fenti, bakin salatif da ya ɗago, ko ƙwaron da ya fashe a hancin keke. Gilashin gaba ma matsala ne, saboda tudun kan matuƙi da gaɓar da gilashin ya haɗu da ƙwanso. Shi ya sa Eta da VeloX3 suka yar da shi gaba ɗaya, matuƙi yana kallon hanya ta kyamara da allo, galibi da na biyu a ajiye mai batirinsa daban, domin allon da ya mutu ana tsaka da gudu ya bar mutum makaho.

Sauran wahalhalun na kanikanci ne. Tayar inci 20, wadda da yawa ke amfani da ita, tana juyawa kusan sau 1,600 a minti a wannan gudu, alhali ƙafa ba ta wuce juyi 100 zuwa 110. Ana bukatar ninki kusan 16, don haka ake bi da sarƙa hawa biyu ta kan wani ƙarfe na tsakiya. Yawanci tayar gaba ce ke ja, kuma sitiyarin ba ya karkata sai ɗan kaɗan, shi ya sa faɗuwa ta fi yawa a wurin tashi. Mataimaka ne ke rufe ƙwanson da salatif, su riƙe keken har ya samu daidaito, wasu kuma su tare shi a ƙarshen hanya tunda matuƙi ba shi da hanyar sauke ƙafa. Iskar gefe tana ture ƙwanson kamar filafilan jirgin ruwa. Fashewar taya kan sa keken ya kife ya yi ta jan ciki a kan kwalta, dalilin da ake haɗa zaren kabon da Kevlar, wani zare mai wuyar tsagewa, don kada ƙwanson ya tsage. Ga zafi: kashi ɗaya bisa huɗu kawai na abin da jiki ke ƙonawa ke zama aiki, don haka mai fitar da wat 400 yana zubar da zafin wat 1,200 a cikin akwati rufaffe, kuma duk kafar da aka buɗe don shan iska tana cin gudu.

Akwai kuma dabarar rabon ƙarfi. Kai kilo 100 zuwa mita 40 a daƙiƙa yana cin jul (ma'aunin makamashi) 80,000, daidai da wat 400 na tsawon daƙiƙa 200, ban da abin da iska da tayoyi ke ci. Wanda ya zuba ƙarfinsa da wuri zai iso wurin awo a gajiye, wanda ya jinkirta kuma zai wuce shi yana kan ƙara gudu.

A ɓangaren mata, Barbara Buatois ta Faransa ta yi kilomita 121.81 a 2010, Ilona Peltier, ita ma Bafaranshiya, ta kai 126.5 a 2019. Gwajin awa ɗaya, wanda rigimar ta samo asali daga gare shi, ya fi nuna girman ratar da ke tsakanin gidajen biyu. A ƙarƙashin dokar UCI, Filippo Ganna na Italiya ya yi kilomita 56.792 a Oktoban 2022. Francesco Russo kuwa ya riga ya yi kilomita 92.43 a 2016, a filin gwajin motoci na Dekra da ke Jamus, cikin keke mai ƙwanso.