Rikicin Yankin Masu Turancin Ingilishi a Kamaru: Tambayoyi da Amsoshi

Shin a kan harshe ake wannan faɗan?

A'a, kuma ya kamata a daina maimaita wannan. Kamaru tana da harsuna fiye da 200, kuma a kasuwar Bamenda ko Kumba, manyan garuruwan yankin, da Turancin buroka ake ciniki. Kotu da makaranta ne tushen rigimar. A ƙarshen 2016 lauyoyi da malamai na yankunan Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma suka shiga yajin aiki saboda ana turo musu alƙalai da malamai masu Faransanci, waɗanda ba su san tsarin shari'a da na karatu da yankin ya gada daga Ingila ba. Gwamnati ta amsa da kame da kuma katse intanet na kusan wata uku a 2017.

Yaya aka yi masu Turancin Ingilishi da masu Faransanci suka zama ƙasa ɗaya?

A ƙuri'ar raba-gardama ta 11 ga Fabrairu 1961, kudancin yankin da Ingila ke riƙo ya zaɓi haɗewa da Kamaru, arewacinsa kuwa ya zaɓi Nijeriya, ya zama Lardin Sardauna, inda Mubi da Gembu suke. An haɗu ne bisa tsarin tarayya, sai shugaban Kamaru na lokacin, Ahmadu Ahijo, ya soke shi a 1972. Wanda bai san wannan ba bai cancanci yin sharhi a kan rikicin ba.

Mene ne Ambazoniya?

Sunan ƙasar da 'yan aware suka ayyana a waɗannan yankuna biyu masu Turancin Ingilishi a 1 ga Oktoba 2017.

Ina fatauci, zan iya kai kaya Bamenda?

A nan babu amsa guda, domin ya danganta da rana da hanya da wanda zai tarbe ka. Ranar Litinin 'yan aware suna tilasta zaman gida, shaguna a rufe, tasha babu mota, kuma wanda ya fito yana iya rasa kayansa ko ransa. Haka ma a kan tsananta wajen 11 ga Fabrairu, 20 ga Mayu (ranar bikin ƙasa ta Kamaru) da 1 ga Oktoba. Hanyar Ikom zuwa Mamfe takan lafa, sa'an nan ta rikice ba tare da sanarwa ba, kuma shinge iri biyu ne: na sojoji masu neman katin shaida, da na 'yan bindiga masu neman kuɗi. Bahaushe ko Bafulatani yana da ƙarin abin lura, domin a wasu ƙauyuka ana zargin Mbororo da goyon bayan gwamnati, kuma mai bindiga ba ya tsayawa bambance makiyayi da ɗan kasuwa. Idan ba dole ba ne, ka aika kayan ta hannun ɗan gari. Idan dole ne, ka kira mai masaukinka a safiyar tafiyar, kada ka dogara da labarin makon jiya, kada ka yi tafiyar dare, kuma kada ka yi gardamar siyasa a cikin mota. Hankalinka ya kwanta game da Garwa da Ngaundare, wannan rikicin bai kai can ba.

'Yan awaren za su samu ƙasarsu?

Babu alamar haka. Babu ƙasar da ta amince da su, shugabanninsu sun rarrabu, kuma Sisiku Ayuk Tabe, jagoransu wanda aka kama a Abuja a Janairun 2018, an yanke masa ɗaurin rai da rai a 2019.