Hanyoyin mota tsakanin tsakiyar birni da unguwannin bayan gari

A mafi yawan manyan birane, hanyoyin da ke haɗa tsakiyar birni da unguwannin bayan gari iri biyu ne. Akwai waɗanda ke fitowa daga tsakiya su bazu kamar yatsu daga tafin hannu, akwai kuma titin zobe, wanda ke kewaye birnin yana ratsa su ɗaya bayan ɗaya, don mai zuwa wata unguwa daga wata kada ya kutsa cikin gari. Zoben birnin Paris, da aka kammala a 1973, tsawonsa kusan kilomita 35 ne. Na Landan, M25, da aka gama a 1986, ya kai kilomita 188.

Masu bin waɗannan hanyoyi kullum ba sa auna nisa da kilomita, da mintoci suke aunawa, kuma suna da gaskiya. Da safe hannun shiga gari kan cika maƙil, na fita kuwa fayau. Da yamma abin ya juya. Shi ya sa wasu birane kan ware layi guda a tsakiya, ana sauya masa alkibla safe da yamma.

Cunkoson ya fi taruwa a bakin gada, shataletale, ko inda layi uku ya koma biyu. Amma yakan tashi ko ba dalilin da ido ke gani. Direba ɗaya ya ɗan taɓa birki, na bayansa ya taka fiye da shi, na goma sai ya tsaya cik, alhali gaba babu komai. Masu bincike a Japan sun nuna haka a wani gwaji da aka wallafa a 2008: motoci 22 suna zagaya da'ira, babu danja babu mahaɗa, amma cunkoso ya haɗu.

Faɗaɗa titi kan kawo sauƙi, sai dai ba ya daɗewa. Da hanya ta yi daɗi, wanda ke hawa bas sai ya fito da motarsa, wani ya gina gida can nesa, titin ya sake cika. Tun 1968 masanin lissafi na Jamus Dietrich Braess ya nuna cewa ƙarin hanya na iya ƙara wa kowa tsawon tafiya. Wasu birane sai suka ɗauki wata dabara, ta karɓar kuɗi daga mai shiga tsakiyar gari da mota a lokacin cunkoso: Singafo ta fara a 1975, Landan a 2003.